Bakin Titin Nan Na Waye?

A garin nan namu na Kano, idan mutum ya yi mota, tambayoyin da muke yi masa sanannu ne. Nawa ka saye ta? Ta Kwatano ce ko a hannu ka samu? Tana shan mai? Daga nan sai a zagaya ta, a leƙa ciki, a ce Allah ya tsare, Allah ya sa rai aka yi wa. Abin da ba ma tambaya shi ne inda za ta riƙa kwana, da inda za a ajiye ta in an je kasuwa. Wannan mun bar wa titi. Mun ɗauka duk wanda ya sayi mota, har da wurin ajiye ta aka haɗa masa, a duk inda ya so, na tsawon lokacin da ya so, ba ko sisi.

Shi ya sa duk ranar da aka ji a rediyo cewa wata gwamnati, ko a Abuja ko a Legas, ta taso da batun karɓar kuɗin fakin a bakin titi, majalisar layinmu takan kai dare ba ta watse ba. Kowa na da ta cewa, har wanda ko keke ba shi da shi.

Wanda ya fi ɗaukar zafi shi ne maƙwabcinmu mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Maganarsa ɗaya ce kullum: “Haba jama'a! An cire tallafin mai, mun yi haƙuri. Takardun mota kuɗi, lasisi kuɗi, inshora kuɗi. Yanzu kuma tsayuwar ma sai an biya? To ina ake so mu sa kanmu?” Ba na raina wannan kuka. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, magidanta da yawa sun ajiye motocinsu, sai ranar Juma'a ko in rashin lafiya ta taso da dare. Mai mota a yau ba lallai ne mai kuɗi ba. Sau da yawa ma'aikaci ne da ya yi adashi ya sayi tsohuwa, yana lallaɓa ta.

Amma akwai wani matashi a layin, direban adaidaita sahu, da ba ya barin maganar ta wuce haka nan. Cikin ladabi yake cewa: “Baba Alhaji, a yi mini afuwa. Mu da muke ɗaukar jama'a kullum cikin biya muke. Ni in na ɗan tsaya zan sauke fasinja sai a ce na tare hanya. Motarka kuwa tun hantsi tana wuri guda har magariba, ba ta kai kowa ko'ina ba.” Yaron yana da hujja. Ba a manta da yajin aikin da 'yan adaidaita suka yi a Kano a watan Fabrairun 2021 ba, kan harajin naira 100 na kullum, lokacin da gari ya koma tafiyar ƙasa, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti duk a ƙafa. Suka sake yin wani a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista. Wanda ke bin titi don ya kai mutane wurin neman abincinsu, an daɗe da sanin hanyar aljihunsa. Wanda ya mayar da titin ɗakin ajiya kuwa, shi ake jin nauyin tambaya.

A wannan muhawara ni ina bayan yaron, kuma dalilina na farko mai sauƙi ne: ai dama muna biya.

Je ka bakin kowace babbar kasuwa, Sabon Gari ko Kwari ko Ƙofar Wambai, ka ga masu ajiyar babura. Ka miƙa babur ɗinka, a ba ka 'yar lamba, a rataya 'yar'uwarta a jikin babur, ka gama cinikinka ka dawo ka biya ka ɗauki abinka. Ban taɓa jin an yi rigima a kan wannan ba. Mai babur, wanda ƙarfinsa bai kai na mai mota ba, ya yarda cewa wuri da tsaro abin biya ne. Mai motar ma yana biya, sai dai bai ɗauke shi a matsayin kuɗin fakin ba. Kana kashe mota yaro zai ɓullo: “Alhaji, a duba maka?” Ka ce to, in ka dawo ka ba shi na goro. In ka ce a'a, hankalinka ba ya kwanciya, kana cikin kasuwa kana tunanin madubi da batir. A wurin biki ana bayarwa, a filin jirgi tun daga ƙofa ake karɓa. Kuɗin nan yana fita daga aljihunmu kusan kullum. Abin da babu shi ne rasit, da tsayayyen farashi, da wanda za ka riƙe in ka dawo ka tarar an fasa maka gilashi.

Kuma abin ba baƙo ba ne a tarihin garin. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, fatake na zuwa da raƙuma da jakuna daga nesa. Ba a tsakiyar rumfuna suke ɗaure dabbobi su yi tafiyarsu ba. Akwai zango, akwai fatoma mai masauki da ke karɓar baƙo da kayansa, yana samun la'adarsa. Lungunan cikin gari da muke kutsawa da manyan motoci yanzu, daidai mai tafiya a ƙasa da jaki da kayansa aka yi su.

To mu zo kan halinmu, don a nan maganar take. Gidaje nawa ne a layinku aka gina da gareji, yanzu garejin ya koma shagon kayan masarufi ko na cajin waya? Mai gida na karɓar haya duk shekara, motar kuma ta koma waje ta cinye rabin layi. Wani ma tun a zanen gidan ba a bar wa mota wuri ba, filotin duka an cika shi da ɗakuna da shaguna, har an ɗan ci hanya da dakali. A ƙasar Japan tun 1962 suke da dokar da ta sa mazaunin birni ba zai yi wa motarsa rajista ba sai ya kawo shaidar wurin da zai riƙa ajiye ta, wurin kuma ba kan titi ba. Da na faɗi haka a majalisa, mai shayinmu ya ce, “Malam, ai da motoci da yawa a garin nan ba su samu lamba ba.” Aka yi dariya, amma ba wanda ya musa.

Mai shago kuma da sassafe zai fito da benci, ko tsohuwar taya, ko dutse, ya ajiye a gaban shagonsa don kada wani ya tare masa. Ashe ya san wurin na da daraja, kuma ya ba kansa shi ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Dillalan motoci su jera hajarsu a gefen babban titi wata da watanni. Bakanike ya bar matacciyar mota a bakin hanya har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. In biki ya zo mu kafa rumfa mu rufe layi ruf, ko sallama ba mu yi wa maƙwabta ba. Ranar Juma'a fa? Mu makara, mu zo ana huɗuba, mu yi sahu biyu, sahu uku a kan kwalta, mu toshe wanda ya riga mu zuwa, mu toshe ƙofar gidan mutane, mu shige neman lada. Alhali malamanmu kullum suna karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta ibada ce. Wannan na Juma'ar shi ya fi damuna, domin yaranmu suna kallo, kuma abin da suka ga iyayensu na yi a ƙofar masallaci shi za su ɗauka daidai ne. Sannan ga maganar da muke rufe bakin kowa da ita: “Yi haƙuri, minti biyu, yanzu zan fito.” Wanda aka toshe kuwa sai ya ɓata awa guda yana ta hon yana neman mai mota shago-shago.

Mota ɗaya in ta tsaya tana cin wuri mai tsawon kusan mita 5 da faɗin mita 2 da rabi. Akwai shaguna a Kwari da ba su kai girman haka ba, kuma Alhajin namu ya fi kowa sanin abin da ake biya a kansu duk shekara. Mai tebur a bakin kasuwa yana biyan kuɗin wuri. Mai tura baro yana tallan lemo ana yanka masa tikiti. Mota ce kaɗai ke samun fili kyauta a wurin da ƙasa ta fi ko'ina tsada a gari.

Kyautar nan kuwa akwai masu biyanta, ba da kuɗi ba, da lafiyarsu. In motoci suka hau gefen hanyar da aka tanada don masu tafiya a ƙasa, ina mai goyo za ta bi? Dole ta sauko kwalta, tana raɓe-raɓe tsakanin adaidaita da tirela. Haka 'yan makaranta, haka makaho da ɗan jagoransa, haka tsoho mai sanda, haka ɗan dako da dila a kai. Waɗannan su ne mafi yawan jama'ar gari, ba su da mota, kuma ba a jin muryarsu a rediyo in ana wannan muhawara. Titi mai hannu biyu ya koma hannu ɗaya, cunkoso ya haɗu, kowa na ƙona man da ya saya da tsada yana tsaye. Ga motar asibiti tana jiniya ba hanyar wucewa. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya bukatar a tsaya ana yi masa bayanin amfanin barin hanya a buɗe.

Abin da ya fi ba Alhaji mamaki shi ne da na gaya masa cewa 'yan kasuwa irinsa ne suka fara neman a sa wannan kuɗi. A birnin Oklahoma na Amurka aka fara kafa na'urar karɓar kuɗin fakin, a watan Yulin 1935, kuma wani ɗan jarida mai suna Carl Magee ne ya kawo dabarar. Matsalarsu irin tamu ce: ma'aikatan shaguna da ofisoshi su zo da safe su cika bakin titi, su wuni, mai saye ya zo ya rasa inda zai tsaya ya wuce. Aka sa senti 5 a awa guda. Manufar ita ce wurin ya riƙa juyawa, wannan ya tashi wancan ya samu. Yanzu mu duba Kwari. Motocin da ke wuni a bakin kasuwar, na masu saye ne ko na masu shago? Baƙon da ya taso daga Maraɗi ko Njamena ko Marwa da kuɗin sari, ko hajiyar da ta zo haɗa lefe, su ne ke zagaye suna neman wuri, mai shagon kuma da ke jiran su shi ya tare wurin tun safe.

Wani farfesa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, Donald Shoup, ya ƙare rayuwarsa yana nazarin wannan batu, har ya fitar da babban littafi a kansa a 2005. Shawararsa ba ta da wuyar ganewa. Kada a tsawwala, a sa mafi ƙarancin farashin da zai sa a riƙa samun gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi. Inda babu cunkoso, babu dalilin karɓar komai. Sannan kuɗin da aka tara a kashe shi a unguwar da aka tara shi. An gwada haka a tsohuwar unguwar kasuwanci ta garin Pasadena a 1993. Masu shaguna sun ƙi da farko, suna tsoron za a kore musu masu saye, sai da hukuma ta yi alkawarin kuɗin zai tafi ne kan gyaran hanyar ƙafa da fitilu da shara a titunansu. Aka cika alkawari, unguwar ta farfaɗo.

A nan ne telan layinmu, wanda bai cika magana ba, ya ɗago daga kan kekensa ya ce: “Malam, duk mun ji. Amma can ne aka cika alkawari. A nan kuɗin ina za shi?”

Wallahi wannan ita ce tambayar, kuma duk mai goyon bayan kuɗin fakin da bai tsaya ya amsa ta ba, bai yi wa jama'a adalci ba. Mutanenmu ba biya suke ƙi ba. Suna biyan kuɗin 'yan sintirin unguwa duk wata, suna haɗa kuɗi su gyara taransifoma, su yashe kwata kafin damina, su gina masallaci. Abin da suke ƙi shi ne a karɓi kuɗinsu da tsawa, ya shige inda ba su sani ba. Kuma suna da abin nunawa. A Abuja an fara tsarin biyan kuɗin fakin a 2012, aka damƙa shi ga kamfanoni masu zaman kansu. Kuka ya yi yawa kan yadda ake ɗaure tayoyin motoci da ƙarfe, ana jan su da janwe, ana cin tara mai nauyi. A watan Afrilun 2014 Babbar Kotun Birnin Tarayya, a ƙarƙashin Mai Shari'a Peter Affen, ta soke tsarin, ta ce babu dokar da ta ba da ikon karɓar kuɗin. Bayan shekaru aka sake ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanoni a 2023, sai ga ministan Abuja da kansa, Nyesom Wike, a 2024 yana cewa abin ba ya bisa ƙa'ida, yana kukan cewa ɗan kwangila zai ɗauki kashi 80 cikin 100 ya bar wa gwamnati 20. Wanda ya ga wannan, don me ba zai ji tsoro ba?

Ba mu kaɗai aka taɓa yi wa haka ba. Birnin Shikago ya jinginar da na'urorin fakin ɗinsa ga kamfani a 2008, na tsawon shekara 75, kan kuɗi sama da dala biliyan 1. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, mai binciken hukumar birnin kuma ya fito ya ce an sayar da arha ƙwarai. Har yau mutanen garin na cikin wannan ɗauri. A Legas kuma, da hukumar fakin ta jihar ta fara aika wa masu gine-gine takardun neman kuɗi kan filin da ke gabansu a 2022, lauya Femi Falana ya ƙalubalance ta, yana cewa tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ba ikon kula da kasuwanni da tashoshin mota. Wannan gardama ta shafe mu, domin in ba a fayyace mai haƙƙin karɓa ba tun farko, jiha za ta yanka tikiti, ƙaramar hukuma ta yanka, ƙungiyar kasuwa ta yanka, yaron da ke duba mota shi ma yana nan yana jiran nasa. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, biya huɗu. Wannan zalunci ne, kuma ba shi nake karewa ba.

Abin da nake so a yi a fili yake. Kada a taɓa lungunan unguwa. Rikicin fakin a layi aikin maƙwabta ne da mai unguwa, kuma da zama da fahimta ake kashe shi. Kada a karɓi komai daga wanda ya kawo mara lafiya ƙofar asibiti. Maganar ta tsaya a wuraren da kowa ya san an shaƙe, kewayen Kwari da Singa da Sabon Gari da kasuwar waya ta Farm Centre, a kuma lokutan da kasuwa ke ci. Wanda ya tsaya ɗan lokaci ya sauke kaya ko ya karɓi saƙo, ya tafi kyauta. Wanda zai yi awa ɗaya ko biyu ya biya kaɗan. Wanda zai wuni ya biya mai nauyi, har ya ga gara ya kai motar filin ajiya ya tako, ko ya bar ta gida ya hau ta haya. Amma kafin a karɓi naira ɗaya sai Majalisar Dokokin jiha ta yi doka a bainar jama'a, an saurari 'yan kasuwa da direbobi, an shata wuraren da fenti, an kafa allo da Hausa mai bayyana farashi. A garin da mai sayar da tsire ke karɓar kuɗi ta waya, ba dalilin da zai sa ma'aikaci ya riƙa karɓar tsaba a hannu. Hukumar KAROTA tana nan tun 2012 don kula da hanya, ta yi aikin kula da hanyar, amma mai kama laifi daban, mai tara kuɗi daban, don kada kamu ya zama sana'a. Yaran nan kuwa da ke duba mana motoci, kada a kore su. Sun fi kowa sanin titin da masu zuwa cikinsa. A ɗauke su aiki, a ba su riga da lamba da albashi.

Mai shayi ya ƙara wani sharaɗi da ban tuna da shi ba, kuma ya fi nawa muhimmanci: “Amma fa Malam, har masu baƙin gilashi da lambar gwamnati su biya. In aka fara ɗaga wa manya ƙafa, shi ke nan ta lalace.” Haka ne. Ranar da aka ga an ja motar talaka an sara wa ta babban mutum, ranar tsarin ya mutu, ko da dokar na nan a takarda.

Alhaji dai bai sauko gaba ɗaya ba. Ya ce in ya bar motar a gida, wace motar haya ce mai tsafta da lokaci da za ta kai shi kasuwa ta dawo da shi da cinikin yini a aljihu cikin aminci? Wannan ma magana ce, kuma gwamnatin da ke son ta karɓi kuɗin fakin dole ta dubi manyan motocin haya da filayen ajiya masu tsaro. Ba a ce wa mutum tashi ba tare da an nuna masa inda zai koma ba. Sai dai jiran sai komai ya gyaru kafin a taɓa bakin titi shi ya kawo mu inda muke, motoci na ƙaruwa, filayen da a da ake fakin a cikinsu suna komawa shaguna.

Don haka kirana ga shugabannin kasuwanni ne kafin gwamnati. Kada ku jira sai an kawo muku ɗan kwangila daga sama da janwensa. Ku zauna da ƙaramar hukuma da 'yan majalisarku, ku zaɓi titi ɗaya a gwada na wata shida. Duk ƙarshen wata a liƙa takarda a ƙofar kasuwa: ga abin da aka tara, ga kwalbatin da aka yashe, ga fitilun da aka sa, ga albashin yara. In aka yi wata biyu ba a ga takardar ba, a daina biya. In ana gani, ni mai wannan rubutu zan biya, kuma zan roƙi Alhaji ya biya.